Igiya Ta Yi Shaida

Shafi na 19

Assalamu alaikum. Kafin mu koma bakin rijiya, wani ɗana da ke karatun lissafi a jami'a ya rubuto yana son sanin shekarar da na ajiye wannan labari a cikinta. Ƙarshen Sha'aban ne na Hijira 1306, wato Afirilun 1889, shekara goma kafin Faransawa su ci Damagaram. Babu agogo a Matameye a wancan zamani, babu mitir. Da taƙi ake awo, wato buɗin babban yatsa zuwa na tsakiya. Ku riƙe wannan.

Ga inda muka kwana. Mai gari Takawa ya yanke hukunci cewa gida arba'in na unguwar Dawcawa, waɗanda suka zo garin daga baya, su tashi kafin a ga watan azumi, domin rijiya ɗaya ba za ta shayar da gida tasa'in ba. Hukuncin ya tsaya ne a kan hisabin Malam Aƙilu. Muntaka, ɗan unguwar Dawcawa, wanda ya shekara goma sha ɗaya yana ɗaukar karatun hisabi a gaban Malam Aƙilun, ya ce akwai kuskure. An ba shi yini ɗaya ya nuna. Idan ya kasa, shi zai shige gaba, mutanensa su bi bayansa.

*

Rana na leƙowa, guga na ƙarshe ya fito da laka.

Illa, mai tsaron rijiyar Tsamiya, ya leƙa ciki, ya ja da baya, ya ɗora hannu biyu a ka.

"Innalillahi! Na ga idonta. Wallahi na ga idonta!"

"To, ka gaishe ta," in ji Malam Kadiri makaho daga gindin tsamiya. "Ni shekara sittin ban ga idon kowa ba, ga ni kuwa da raina."

Dariyar ba ta yi nisa ba. Garin duka ya hallara. Mutanen asali sun tsaya gabas da rijiya, Dawcawa sun tsaya yamma, wasunsu har sun ɗaure kaya.

Illa ya juyo kan Muntaka.

"Tun da aka ba ni tsaron rijiyar nan, ba a taɓa wuce rabi ba. Rabi na mutane, rabi nata. A ja da safe, a rufe ta, ta huta. Kai ka zo da allonka ka tsiraita ta. Idan idon ya mutu, ba Dawcawa kaɗai za su tashi ba. Garin ne ɗungum."

"Baba Illa, in ya mutu a fara da ni."

"A fara da kai a yi me? A tatse ka?"

Mai gari Takawa ya ɗaga hannu, aka yi tsit.

"Muntaka, an yi abin da ka nema. Ina shaidarka?"

Muntaka ya durƙusa, ya warware igiyar rama sabuwa a gabansa. Akwai dutse ɗaure a ƙarshenta, sai ƙulli huɗu a samansa.

"Ranka ya daɗe, idan rijiyar nan ta cika iyakar cikarta, ruwanta taƙi goma sha shida ne. Baba Illa shaida ne."

"Wannan ko jariri ya sani," in ji Illa.

"Yanzu babu komai a ciki. Malam Kadiri zai karanta izu biyar, mu kira shi zama ɗaya. In ya kai aya, a saka igiya. Ruwa zai jiƙa ta har ƙullin farko, taƙi takwas. Zama na biyu, ƙulli na biyu, sha biyu. Na uku, sha huɗu. Na huɗu, sha biyar."

Mai gari ya ƙirga da yatsunsa.

"Takwas, sannan ƙarin huɗu, sannan biyu, sannan ɗaya. Me ya sa take ja da baya?"

"Ba ja da baya take ba, ranka ya daɗe. Ƙoshi take yi. Mayunwaci in aka ajiye masa tuwo, lomar farko ba irin ta ƙarshe ba ce. A kowane zama, rijiya tana cike rabin giɓin da ya rage mata. Giɓi babba, ta kawo da yawa. Giɓi ƙarami, ta kawo kaɗan."

"Ka taɓa ganin ta kawo takwas?"

Muntaka ya girgiza kai.

"Ban taɓa ba. Ba a taɓa barin giɓin ya kai haka ba. Kwana arba'in ina awo bayan jan safe. Kullum huɗu, biyu, ɗaya. Na zana a ƙasa, na yanka lokaci gunduwa-gunduwa. A kowace gunduwa in tambayi abin da ya saura, in ɗauki rabonsa in ƙara, in sake tambaya. Hisabin ne ya ce takwas, ba idona ba."

Ɗana mai tambaya zai gane abin da malamansa ke kira ekwasiyo diferansiyel, inda saurin canjin abu ke rataye da yawan abin. Muntaka bai san wannan suna ba. Rijiyar ma ba ta san shi ba.

"Wa ya fara sa maka wannan tunani?" in ji Mai gari.

"Innata, ranka ya daɗe. Tun ina ƙarami nake jin ta ce rijiya 'yar'uwar ciki ce."

Idanu suka koma kan Baiwa, tsohuwar da ke zaune a kan ɗaurin tabarminta. Ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi. Muntaka ne ɗanta na fari, kuma shi kaɗai, ko sunansa ba ta faɗi.

"Ni ban san abin da yaron nan ke faɗi ba," ta ce.

Can gefe, a kan buzu, Malam Aƙilu ya ɗago kai ya dube ta, ya daɗe yana dubanta. Sannan ya kafa sandarsa a ƙasa, ya ja layi a bakin inuwarta.

Muntaka ya tashi ya je gabansa, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa. Kwana tara ke nan malaminsa bai yi masa magana ba.

"Allah gafarta Malam, a sa mini albarka."

"Albarkar me? Ta ka ƙaryata ni?"

"Ta in faɗi gaskiya. Kai ka koya mini."

Malam Aƙilu ya kau da kai. Ya mai da ido kan inuwar sandarsa.

"Malam Kadiri," in ji Mai gari, "bismilla."

*

Karatu ya tashi a hankali, da murya ɗaya, ba hawa ba sauka.

Babu wanda ya tafi gona. Babu wadda ta koma daka. Muntaka ya zauna nesa da rijiya, kamar yadda aka sharɗanta, don kada a ce ya yi tofi. Ƙullin farko shi ne wanda bai taɓa gani ba. Idan hisabin ya yaudare shi, kafin hantsi ya yi zafi za a ɗora wa jakuna kaya, a bar gonaki a share, ga shuka ta ƙarato.

Malam Kadiri ya kai aya, ya yi shiru.

Illa da kansa ya saka igiya. Ya ji dutse ya taɓa ƙasa, ya jawo a hankali, ya shimfiɗa ta gaban Mai gari.

Jiƙar ta hau, ta hau, ta tsaya a kan ƙullin farko.

Wata mata daga yamma ta fara guɗa, 'yan'uwanta suka toshe mata baki.

"Takwas," in ji Mai gari, kamar mai magana da kansa.

"Ruwan bango ne ya zuraro!" Illa ya ce. "Mai mutuwa ma yakan zabura kafin ya miƙe. Ku jira dai."

Mai gari ya juya wajen buzu.

"Malam, me naka hisabin ya ce game da zama na biyu?"

Malam Aƙilu ya gyara rawani.

"Ƙa'idar da na karanta, kuma na karantar, ita ce ta daidaito. Idan raƙumi ya ci zango ɗaya a yini, zai ci biyu a yini biyu. In ƙarfinta takwas ne, ta ƙara takwas ta cika. In kuwa zabura ce, ta tsaya. Ban san ƙa'idar da ke ba da huɗu ba."

"Muntaka?"

Muntaka ya dubi ƙasa. Ba a musu da malami a gaban jama'a. Amma ga ɗaurin tabarmar innarsa.

"Allah gafarta Malam, ƙa'idar gaskiya ce a kan raƙumi. Sai dai rijiya ba raƙumi ba ce."

"Kai!" wani ya ce daga gabas. "Kaza ta fara koya wa shaho fiffike."

"A'a," in ji Malam Kadiri, yana kurɓar ruwa. "Ku bar shi. Ni ma na shafa rijiya, ban ji tozo ba."

Wannan karon an yi dariya har gabas.

Zama na biyu ya fi na farko tsawo a zuciyar Muntaka. Da karatu ya tsaya, Mai gari ya ce ba Illa zai auna ba, shi zai auna. Ya naɗe hannun riga, ya saka igiya, ya jawo.

Ƙulli na biyu ya jiƙe. Abin da ke samansa a bushe yake ƙayau.

"Sha biyu!"

Guɗar nan ba ta toshu ba. Ta tashi daga yamma, wasu matan gabas ma suka kama kafin mazansu su harare su.

"Tsafi ne," in ji Illa, amma muryarsa ta yi sanyi. "Ya ƙulla wa rijiya baki da igiya."

"Baba Illa, in da ina da tsafin da ke umurtar ruwa, da na ce ya cika tulunan unguwarmu, mu huta da kai."

"Ji mara kunya! Ni na ɗauke ka ranar da ka faɗa kwatami."

"Shi ya sa nake so ka sha ruwa ka ƙoshi."

*

Rana ta take. Inuwar tsamiya ta janye, ta bar Malam Kadiri a fili, ba wanda ya lura. Aka shiga zama na uku.

Da ya kai aya, Mai gari ya saka igiya, ya jawo, ya shimfiɗa.

Ya tsura wa igiyar ido.

Illa ya tsuguna, ya ɗora hannunsa tsakanin jiƙa da ƙulli na uku.

"Yatsu huɗu!" ya yi ihu. "Saura yatsu huɗu ba ta kai ba! Na faɗa muku! Idon ya fara mutuwa!"

Gabas ta ɗauki hayaniya.

"Ya kashe mana rijiya!"

"Su tashi yau, ba sai gobe ba!"

Wani Badawce ya sunkuya ya ɗauki ƙunshin kayansa. Baiwa ta miƙe, ta kama igiyar tabarmarta, ba ta dubi ɗanta ba.

Muntaka ya tsuguna, ya share ƙasa da tafin hannu, ya fara zane da yatsa. Giɓin huɗu ne a farkon zaman. Ya yanka zaman gida biyar, izu-izu. Ya ɗauki rabon na farko, ya rage. Na biyu, ya rage. Na uku. Da ya zo na huɗu, sai yatsansa ya tsaya.

Abin da ke kan igiya shi ne abin da ya kamata a gani bayan izu huɗu, ba biyar ba.

Ya miƙe.

"Ranka ya daɗe, ruwa bai yi ƙarya ba. Zaman ne bai cika ba. Saura lokacin izu ɗaya."

"Wato Malam Kadiri ya tsallake Alƙur'ani?" in ji Illa. "Ku ji saɓo!"

"Ni?" Malam Kadiri ya daka tsawa. "Ko wasali ɗaya ban tsallake ba! Kai Muntaka, makanta ce da ni, ba mantuwa ba."

"Ban ce ka tsallake ba, Malam. Na ce ka yi sauri."

"Wa zai shaida?" Mai gari ya ce. "Lokaci ba akuya ba ne, balle a kamo shi a duba haƙoransa. Muntaka, kai ka kafa sharaɗi da bakinka."

Muntaka ya sunkuyar da kai.

"Ni zan shaida."

Kowa ya juya. Malam Aƙilu ne. Ya miƙe tsaye a kan buzunsa, yana nuna layukan da ke gindin sandarsa.

"Tun fitowar rana nake bin inuwa. Shekara talatin ina fitar wa garin nan da lokacin salla, na san tafiyarta a wannan wata kamar yadda na san hanyar ɗakina. Zama na farko ya cika. Na biyu ya cika. Na uku ya gaza da kimanin kashi ɗaya cikin biyar."

Ya dubi Muntaka ido cikin ido, karo na farko cikin kwana tara.

"Ni inuwa ta gaya mini. Shi kuwa ruwa ya gaya masa, bai ko dubi sama ba."

Malam Kadiri ya shafa ƙeyarsa, ya ji zafi.

"To, ai dole! Kun bar ni a rana kamar shanyar kuɓewa. Wa zai ja madda ƙeyarsa na soyuwa?"

Dariya ta ɓarke ko'ina. Aka ja buzunsa cikin inuwa, aka ba shi ruwa. Mai gari ya ce ya ƙara izu ɗaya, da natsuwa.

Ya ƙara. Aka saka igiya.

Ƙulli na uku ya fito yana ɗiga.

Wanda ya ɗauki ƙunshi ya saki abinsa ƙasa. Baiwa ta koma ta zauna.

*

Bayan sallar azahar aka auna na huɗu. Taƙi goma sha biyar. Ƙarin taƙi ɗaya tak.

Malam Aƙilu ya zo da kansa ya tsuguna gaban igiyar. Ya buɗe yatsunsa tsakanin ƙulli na uku da na huɗu.

"Taƙi ɗaya a zama," ya ce. "Wannan shi ne adadin da na kai wa Mai gari. Ban yi ƙarya ba. To, ina kuskurena? Faɗi, kada ka ji nauyi."

"Allah gafarta Malam, yaushe ka zo awo?"

"Da rana tsaka."

"Me ya sa ba da safe ba?"

"Da safe? Rijiya cike da matan mutane? Ina ni ina kutsawa cikinsu da igiya?"

"Shi ke nan, Malam. Kunya ce ta sa ka jira suka watse. Ka zo ka tarar da rijiya ta kusa ƙoshi, tana tsakurar lomar ƙarshe. Ka ɗauka iyakar cinta ke nan. Ni kuwa da ba ni da girman da zan tsare, cikin mata nake tsayawa riƙe da tulun Inna."

Wata tsohuwa daga gabas ta tafa hannu.

"Ashe da Malam ya tambaye mu, da an huta! Wace mace ce ba ta san guga ya fi saurin samun ruwa bayan an yi mata ja mai yawa ba?"

"Me ya hana ku faɗi?" in ji Mai gari.

"Wa ya tambaye mu, ranka ya daɗe? Ku kuna fada, mu muna bakin murhu."

Mai gari ya yi gyaran murya, ya juya ga Muntaka.

"Na ga ka san halinta. Amma sanin hali ba ya cika randa. Ina ruwan gida tasa'in?"

"Ranka ya daɗe, yau da al'adarmu muna jan rabi sau ɗaya, mu rufe. Taƙi takwas a yini. Hutun da muke ba ta, zaman banza take yi a cikinsa. Idan aka janye ta bayan kowane zama, kowane zama sai ta ba da takwas. Sau biyar tsakanin asuba da magariba, arba'in ke nan. Rijiya ta bayar, guga ne ya hana."

"Guga?" in ji Illa a hankali. "Ni ke nan."

"Ba kai ba ne, Baba Illa. Abin da aka ba ka tsaro ka tsare."

"A sake janye ta," Mai gari ya ce. "Yanzu. In idon na da rai, mu gani."

Ba a ware unguwa ba wannan karon. Guga goma sha biyu suka sauka tare, na gabas da na yamma. Aka cika tuluna, aka cika randuna, aka cika kwamin dabbobi, har aka rasa mazubi aka kawo ƙwaryar tuwo. Laka ta sake fitowa.

Malam Kadiri ya gyara zama.

"A duba mini inuwa tukuna. Ba na son a sake ɗora mini laifin rana."

Ya karanta izu biyar. La'asar ta yi sanyi.

Mai gari ya miƙa wa Illa busasshiyar igiya, wadda aka auna da ta farko aka ƙulla. Tsohon ya saka ta. Ya jawo. Ya duba. Ya sake dubawa.

"Takwas," ya ce, hawaye na bin gemunsa. "Tana da rai. Wallahi tana da rai!"

Mai gari Takawa ya hau kan kututturen da ke bakin rijiya.

"Jama'a, ku saurara! Na janye maganata. Ba gidan da zai tashi. Dawcawa, ku kwance kayanku, ku koma gonakinku. Daga gobe ja biyar ne a yini, unguwa-unguwa, Illa ne zai raba. Wanda ya sake cewa baƙo a bakin rijiyar nan, da ni yake!"

Abin da ya biyo baya, sai wanda ya gani. Guɗa ta haɗu da kabbara. Samari suka ɗaga Muntaka sama, yana roƙon su sauke shi. Mata na watsa wa juna ruwa, ruwan da jiya ake faɗa a kan ludayinsa.

Da suka sauke shi, ya nufi wurin innarsa, ya durƙusa.

Baiwa ta kau da kai, tana kwance igiyar tabarma.

"Kai, tashi ka ba ni wuri. Ji rigarka duk laka, kamar ba ɗan mutane ba."

Amma ta miƙa masa ƙoƙon ruwa, kuma hannunta ya daɗe a kan nasa.

*

"Muntaka."

Malam Aƙilu ne a bayansa, riƙe da tsohon burgami. Ya yi magana da ƙarfi, yadda kowa zai ji.

"Shekara goma sha ɗaya kana zama a gabana. Gobe ni zan zo da allo. Ka koya mini hisabin saura."

"Subhanallahi! Allah gafarta Malam, ni wa?"

"Kada ka katse ni. Ban gama ba, kuma abin da ya saura ya fi nauyi."

Ya kwance bakin burgamin. Ya fito da guntuwar igiya, baƙa, ta tsufa har tana marmashewa. Ya shimfiɗa ta kusa da ta Muntaka.

Ƙulli huɗu ne a jikinta.

Muntaka ya tsuguna. Ya buɗe yatsu ya auna. Tazarar ta fi tasa faɗi, amma ta biyu rabin ta farko ce. Ta uku rabin ta biyu. Ta huɗu rabin ta uku.

Ya ɗago kai.

"Malam, wa ya ƙulla wannan?"

"Wani mutum da bai san alif ba. Shekara ashirin da huɗu ke nan, lokacin ruwa ya fi haka yawa. Ya zo mini da ita, ya ce rijiya 'yar'uwar ciki ce, a daina ba ta hutu. Ina matashin malami, ina ji da ƙa'idata. Na ce jahilci ne. Ya janye ta da hannunsa don ya nuna, na tara masa jama'a kafin ruwan ya dawo, na ce ya tsiraita rijiya. Aka kore shi a ranar. Al'adar rabi da Illa ke tsaro, ba ta kakanni ba ce. Ni na kafa ta."

Baiwa ta matso, riƙe da ƙoƙon ruwan.

"Malam," ta ce, "don girman Allah ka bari."

"Na bari shekara ashirin da huɗu, Baiwa. Yau igiya biyu sun yi shaida a kaina."

"Wane ne?" in ji Muntaka.

"Wanda ya haƙa rijiyar nan. Idrisa."

Muntaka ya miƙe a hankali.

"Mahaifina? Ai rijiya ce ta rufta da shi a hanyar Dawce, ina goye."

"Rijiya ba ta rufta da kowa ba. Bara wani falke ya sauka a zaurena. Ya ce a arewa, bayan Damargu, ya sha ruwa a hannun wani tsoho mahaƙin rijiya, wanda ke auna ruwa da igiya mai ƙulli huɗu. Tsohon ya tambaye shi ko tsamiyar Matameye na nan tsaye."

Guɗar da ke tashi a bakin rijiya ta yanke. Muntaka ya juya ya fuskanci mahaifiyarsa.

"Inna. To, wa nake yi wa sadaka kowace Juma'a?"

Ƙoƙon ya suɓuce daga hannun Baiwa, ya tarwatse a kan igiyoyin biyu.